Alƙaluma da Bakin Jama'a Wajen Auna Amfanin Talla

 An nemi in yi magana a kan hanyoyin da ake bi a gane ko kuɗin da aka kashe wajen tallata kaya sun yi amfani, ko kuwa ɗiban ruwa aka yi da kwando. Na san masu sayar da kaya ba su da yawa a zauren nan. Amma duk ma'aikatar da ta taɓa biyan gidan rediyo domin a jawo hankalin manomi ga sabon iri, ko a roƙi uwa ta kai ɗanta asibiti, lalle talla ta yi, ko da ba ta kira ta da wannan suna ba. Saboda haka maganar ta shafe mu duka.

Talla ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, haka ma auna ta. Ku dubi matar da ke soya ƙosai a cikin gida tana ɗora wa 'yarta ta zaga unguwa. Idan yarinyar ta komo, abin da uwar za ta fara yi shi ne ta zazzage kuɗi ta ƙirga, ta dubi abin da ya yi kwantai. Sa'an nan sai tambaya ta biyo baya: "Yau kuma me ya faru? Ina kika bi? Me mutane suka ce?" Yarinyar na iya cewa wata ta kafa kasko a bakin tasha, ko an ce yaji ya yi yawa, ko kuwa dai ruwa ne ya koro ta gida. Ƙirgar nan ita ce abin da zan riƙa kira bayanin alƙaluma, watau duk abin da ake iya lissafawa: nawa aka sayar, mutum nawa suka ji sanarwa, nawa aka kashe. Tambayar kuwa ita ce bayanin bakin jama'a, watau abin da ake samu ta wurin zama da mutane, da sauraronsu, da lura da abin da suke yi. Abin da manyan kamfanonin duniya suka fi matar nan da shi girma ne da tsari, kuma za ku ga cewa wani lokaci girman ne ke sa su manta da tambayar da ita ba ta taɓa mantawa.

Bari mu fara da alƙaluma, tun da yake su ne masu kwarjini a gaban manya. Akwai wata magana da ake jingina wa John Wanamaker, wani attajiri mai manyan kantuna a birnin Philadelphia na Amurka, wanda ya rasu a 1922, cewa ya san rabin kuɗin da yake kashewa a kan talla asara ne, sai dai bai san wane rabin ba. Ko shi ya faɗa ko wani, damuwar ta gaskiya ce. Waɗanda suka fara neman maganinta su ne masu sayar da kaya ta gidan waya. Wani marubucin talla mai suna Claude Hopkins ya bayyana dabarar a littafinsa Scientific Advertising na 1923: a buga talla a jaridu daban-daban, kowace da 'yar takardar da mai saye zai yanke ya aiko, a kuma sa wa takardar alamar da za ta nuna daga wace jarida ta fito. Ranar da takardu suka komo sai a ƙirga, a ga jaridar da ta kawo ciniki da wadda ta ci kuɗi kawai. Lambobin rangwame da ake rabawa a intanet yau jikokin wannan 'yar takarda ne.

Amma fa ƙirga abin da aka sayar bayan an yi talla bai isa hujja ba. A ce kamfanin sabulu ya sa talla a rediyo cikin watan Nuwamba, sai ciniki ya ƙaru da kashi 20 cikin 100. Manajan talla zai rubuta rahoto ya yabi kansa. To, ai Nuwamba kaka ce: manomi ya sayar da amfanin gona, kuɗi sun shiga hannu, ana ta bukukuwan aure. Ko an yi tallar ko ba a yi ba, ciniki zai motsa. Kullum zakara na cara kafin gari ya waye, amma ba mai cewa carar ce ta kawo asuba. Tambayar da ta dace ita ce, yaya cinikin zai kasance da ba a yi tallar ba? Bambancin da ke tsakanin wannan da abin da aka sayar, shi ne amfanin tallar, ba ƙari.

Ɗaliban aikin gona sun san wannan tun daga ajin farko. A Samaru, idan za a gwada taki, ba a zuba wa gona duka. Akan yanka fili gida-gida, a zuba wa waɗansu a bar waɗansu, ƙasa ɗaya, ruwan sama ɗaya, sa'an nan a auna hatsin kowane. Haka ake yi wa talla. Akan zaɓi garuruwa masu kama da juna, a yi tallar a waɗansu a ƙyale waɗansu, kuma ƙuri'a ce za ta raba su, don kada manaja ya tsinci garuruwan da ya san dama cinikinsu na tafe. Abin yana da wuya, ba zan ɓoye muku ba. Muryar rediyo ba ta tsayawa a kan iyakar gari, kuma ɗan kasuwar da ya saro kaya a Kano na iya kai su inda ba a yi tallar ba, ya dagula lissafi. Duk da haka, sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ga misali na wannan zamani. Kamfanin eBay kasuwa ce ta intanet inda mutane ke saye da sayarwa, kuma ya daɗe yana biyan shafukan neman bayani irin su Google da Yahoo domin su ɗora tallarsa a saman shafi. Duk wanda ya latsa tallar ya shiga, sai a biya. A takarda, lissafin ya yi kyau ƙwarai, domin da yawa daga masu latsawa suna sayen kaya. A 2012 masana tattalin arziki da ke aiki da kamfanin suka sa aka tsayar da tallar da ke fitowa idan mutum ya rubuta sunan eBay da kansa, a shafukan Yahoo da MSN. Sai aka ga kusan dukan mutanen, watau kimanin kashi 99.5 cikin 100, sun shigo ta hanyar kyauta da ke ƙarƙashin tallar. Ashe kamfanin ya yi kamar mai kanti da ya tsayar da yaro a bakin ƙofa yana miƙa wa masu shigowa takardar gayyata, yana kuma biyansa lada a kan kowane mutum da ya shiga. Daga nan suka tsayar da sauran tallace-tallacen a waɗansu yankunan Amurka har kwana 60, suka bar su a sauran yankuna domin kwatantawa. Thomas Blake da Chris Nosko da Steven Tadelis sun buga sakamakon a 2015. Lissafi irin na da ya nuna ribar da ta haura kashi 4,000 cikin 100. Gwaji kuwa ya nuna asarar kashi 63 cikin 100. Tallar tana tasiri a kan baƙi da waɗanda ba su cika saye ba, amma yawancin kuɗin na tafiya ne a kan tsofaffin abokan ciniki da suka san hanya. Kada dai wani ya fita daga nan ya ce na ce tallar intanet banza ce. Sunan eBay sananne ne; ƙaramin kamfanin da ba a san shi ba, nasa gwajin na iya fitowa daban.

Wani ramin da masu alƙaluma ke faɗawa shi ne ruɗuwa da yawa. Uwargida ba ta shanye tukunyar miya kafin ta san ko gishiri ya ji. Cokali ɗaya ya isa, muddin ta juya miyar tukuna. A zaɓen shugaban Amurka na 1936 mujallar Literary Digest ta aika takardun tambaya miliyan 10, fiye da miliyan 2 suka komo, ta kuwa shelanta cewa Alf Landon zai sami kashi 57 cikin 100. Ranar zaɓe Franklin Roosevelt ya ci jihohi 46 daga cikin 48. Mujallar ta ɗebo sunaye ne daga littattafan tarho da rajistar motoci, a lokacin da talaka ba shi da ko ɗaya, kuma waɗanda suka damu su mayar da amsa galibi masu jin haushin gwamnati ne. George Gallup, wanda a lokacin yake binciken kasuwa a wani kamfanin talla, ya tambayi mutane kimanin 50,000 kawai ya faɗi wanda zai ci. Mujallar ba ta wuce 1938 ba. Duk wanda zai nemi ra'ayin jama'armu ta Facebook ya tuna da wannan, domin zai ji muryar ɗan birni mai waya da karatu, ba zai ji ta matar ƙauye ba, alhali kuwa wataƙila ita ce mai sayen sabulun.

Yanzu sai mu juya ga bakin jama'a. Hanyar da aka fi sani ita ce a tara mutum 8 zuwa 10 a ɗaki, wani gwani ya ja su da hira a kan kaya ko sanarwa. Asalinta abin lura ne. A 1941 Paul Lazarsfeld na Jami'ar Columbia yana gwada shirye-shiryen rediyo: akan zaunar da masu sauraro, kowa da maɓalli biyu, ya danna kore idan abin ya yi masa daɗi, ja idan bai yi ba, na'ura tana rubutawa. Na'urar takan nuna daidai inda aka danna ja, amma ba ta san dalili ba, sai an tambaya. Abokin aikinsa Robert Merton ya zo kallo, ya ga mai tambayar yana sa wa mutane magana a baki, ya yi ƙorafi, sai Lazarsfeld ya ce to ya karɓa ya nuna yadda ake yi. Daga nan Merton ya tsara ƙa'idodin wannan irin hira. Kun ga ke nan tun ranar haihuwarta tare take da alƙaluma, a ɗaki ɗaya. Daga baya ne aka raba su, kowace ta sami mabiyanta masu raina ɗayar.

Abin da rabuwar nan ke haifarwa, ba inda ya fito fili kamar a labarin Coca-Cola na 1985, kuma a nan zan ɗan daɗe.

Wani mai haɗa magunguna, John Pemberton, shi ya fara haɗa Coca-Cola a birnin Atlanta a 1886.  A 1975 Pepsi ta fito da wata talla: a miƙa wa mutum kofi biyu ba suna, ya kurɓa ya zaɓa, sa'an nan a buɗe masa. Mafi yawa sukan zaɓi Pepsi, wadda ta fi zaƙi. Mutanen Coca-Cola suka maimaita gwajin a asirce suka tarar gaskiya ne, ga shi kuma Pepsi ta wuce su a manyan kantunan abinci, duk da yake sun fi ta kashe kuɗin talla. Roberto Goizueta, masanin kimiyyar haɗe-haɗe haifaffen Kuba wanda ya zama shugaban kamfanin a 1981, ya yarda a nemi sabon haɗi. Aka samo wanda ya fi zaƙi, aka ɗanɗana wa mutane kusan 200,000, aka kashe kimanin dala miliyan 4. Sabon haɗin ya kayar da Pepsi, ya kuma kayar da tsohon. Ba a cika samun binciken kasuwa mai girman wannan ba.

Ba gaskiya ba ne a ce kamfanin bai yi tunanin yadda mutane za su ji ba. Tun a 1982 ma'aikatansa sun yi hira da mutum kimanin 2,000, ɗaya bayan ɗaya, suna tambaya a kaikaice yadda za su ji idan an canja haɗin. Lissafinsu ya nuna kashi 10 zuwa 12 cikin 100 na masu shan Coca-Cola za su ji haushi, kuma rabinsu za su huce. An kuma yi zaman tattaunawa irin wanda na bayyana, sai wani abu dabam ya fito. Da zarar mutum ɗaya ko biyu sun fusata sun ce ba wanda ya isa ya taɓa musu abin shansu, sai sauran da suka shigo ba ruwansu su fara komawa bayansu. Shugabanni suka dubi bayanai biyu da suka saɓa, suka ɗauki mai yawan mutane. Hujjarsu kuwa ba ta wauta ba ce: an san mai babbar murya yana jan zaman tattaunawa, saboda haka suka ɗauki abin a kan aibin hanyar binciken.

Ran 23 ga watan Afrilu, 1985, aka sanar da cewa an daina yin tsohon haɗi mai shekara 99, an kawo sabo, wanda aka fi sani da New Coke. Makonnin farko ciniki bai yi laifi ba. Sa'an nan sai guguwa ta taso. Kiran tarho zuwa ofishin ƙorafi ya tashi daga kimanin 400 a rana zuwa 1,500 a watan Yuni. Mutane suka shiga sayen ragowar tsohon suna ɓoyewa. A jihohin kudu, inda ake ɗaukar Coca-Cola kamar kayan gado, abin ya fi zafi. An ruwaito cewa kamfanin ya ɗauko likitan ƙwaƙwalwa ya saurari masu kira, ya ce waɗansu suna magana kamar an yi musu rasuwa a gida. Wani dattijo a birnin Seattle ya kafa ƙungiyar masu neman a komo da tsohon haɗi. Da aka ba shi kofuna ba suna, ya kasa tsayawa a kan tsohon da yake yi wa yaƙi. Wannan ɗan labari ya fi mini duk sauran, domin ya nuna rigimar ba a harshe take ba. Ran 11 ga watan Yuli, bayan kwana 79, kamfanin ya komo da tsohon haɗi da sunan Coca-Cola Classic. Gidan talabijin na ABC har ya katse shirin da yake nunawa domin ya ba da labarin. Donald Keough, na biyu a shugabancin kamfanin, ya amsa a gaban 'yan jarida cewa duk kuɗi da gwanintar da aka zuba a binciken sun kasa auna zurfin shaƙuwar mutane da tsohon abin shansu.

To, ina kuskuren yake? Alƙaluman ba su yi ƙarya ba. An tambayi mutum 200,000 wanne ya fi daɗi a baki, sun kuwa faɗi gaskiya. Sai dai kurɓi ɗaya daban, shanye kwalba daban. Abin da ya fi zaƙi yakan ci gasar kurɓi, ko da zai gundure ka kafin ka kai ƙarshe. Bugu da ƙari, saboda tsare sirri, yawancin masu ɗanɗanawa ba a gaya musu cewa zaɓen sabon yana nufin rasa tsohon ba. Idan ka tambayi mutum ko yana son sabuwar riga zai ce yana so. Ba ka tambaye shi ko ya yarda a ƙone wadda ya gada daga ubansa ba. Amma babban abin shi ne wanda wani malamin kasuwanci, Robert Schindler, ya nuna a 1992. Hira da mutum shi kaɗai tana auna ra'ayinsa kafin ya ji na maƙwabcinsa. A rayuwa kuwa ba wanda ke zama shi kaɗai da ra'ayinsa; yana jin jarida, yana jin abokai. Abin da shugabannin suka ɗauka aibi ne, watau yadda fushin mutum biyu ya kama ɗaki, shi ne ainihin abin da ya faru da ƙasa baki ɗaya. Mu da muka san majalisar ƙofar gida da teburin mai shayi, inda magana ɗaya takan zaga gari kafin la'asar, bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba.

Kada kuma a ce da sun bi zaman tattaunawa da shi ke nan. Mutum 10 a ɗaki ba ƙasa ba ne, kuma sau da yawa akan yi fushi a irin wannan zama, kaya su fito, a saye su lami lafiya. A ganina aikin zaman shi ne ya ɗaga tuta ya ce akwai abin dubawa a nan. Da tutar ta tashi, abin da ya kamata shi ne a koma ga dabarar gonar Samaru: a janye tsohon haɗi a gari ɗaya ko biyu, a faɗa wa mutane a fili, a zauna a ƙirga ciniki da ƙorafi na 'yan watanni. Tsoron kada Pepsi ta ji labari ya hana. Ƙarshen abin ma akwai ban dariya, domin cikin shekara guda Coca-Cola Classic ta koma gaban Pepsi, har waɗansu suka ce da gangan aka shirya komai. Keough ya ce wautarsu ba ta kai haka ba, wayonsu ma bai kai ba. Shi kuwa sabon haɗin, an sake masa suna Coke II, ya yi ta ja da baya har aka daina yinsa a 2002.

Ɗalibai da za su fita yin irin wannan bincike a ƙasarmu, akwai abin da littattafan waje ba za su gaya muku ba. Mu mutane ne masu kara da kunya. Baƙo ya zo da takarda da biro, ya ba ka sabulu kyauta, ya tambaye ka yaya ka gan shi; da wuya ka ce masa ba shi da kyau. Za ka ce "ba laifi". To, a wane gida na takardar za a rubuta "ba laifi"? Tana iya zama yabo, tana iya zama ƙi cikin ladabi, sai wanda ya ga fuska ya ji murya ne zai bambance. Labarin zuciya a tambayi fuska. Haka "sai na yi shawara", wadda sau da yawa a'a ce da aka yi wa ado. Idan aka yi hirar a zauren dagaci, yana zaune, za a sami amsa ɗaya daga mutum 20. Idan mai tambaya namiji ne, ƙofar gidaje da yawa ba za ta buɗe ba, ga shi kuwa mai girki ita ke yanke shawarar abin da za a sa a miya, ko da maigida ne ke zuwa kasuwa. Takardar tambaya da aka tsara da Turanci aka juya a gurguje takan tambayi abin da ba shi aka nufa ba. Duk waɗannan kurakurai suna shiga kwamfuta su fito da kamannin alƙaluma masu tsabta, har da ɗigo da lamba biyu a bayansa. Saboda haka nakan ce wa ɗalibaina su gaskata abin da mutum ya yi fiye da abin da ya ce: a leƙa madafa a ga wane gwangwani ne a buɗe, a zauna wurin mai tebur a ga abin da ake tambaya da suna da abin da ake karɓa don babu wani.

Ma'aikatan gwamnati kuma, ku gafarce ni in taɓa ku kaɗan. Rahotannin wayar da kai da ke bi ta ofisoshi galibi suna cewa an buga takardun manni kaza, an sa sanarwa sau kaza a rediyo, an yi taro a ƙananan hukumomi kaza. Wannan lissafin wahalar da aka sha ne. Bai ce manomi nawa suka shuka sabon irin ba, balle ya ce nawa ne cikinsu da ba su shuka ba in ba don sanarwar ba.

Yaƙi da cutar shan-inna ya koya mana wannan da tsada. A 2003 waɗansu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin saboda jita-jitar cewa an sa masa abin hana haihuwa. A Kano ba a koma ba sai a watan Yuli na 2004, da maganin da aka sayo daga Indunusiya. A tsakanin nan cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Takardun ma'aikata suna iya nuna gida nawa aka shiga, yaro nawa aka ɗiga wa, gida nawa aka ƙi. Dalilin ƙin kuwa sai masu zama da jama'a suka jiyo shi, irin su Elisha Renne, wadda ta yi bincike a Zariya ta buga littafi a kan batun a 2010. Ban da jita-jita, da tunawa da gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996, iyaye suna da tambaya mai ma'ana: me ya sa ake bin mu har gida da wannan kyauta, alhali zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda suna kashe mana yara, in mun je asibiti a ce mu sayi magani? Ƙara yawan sanarwa a rediyo ba zai amsa wannan ba. Daga 2006 aka fara haɗa ɗigon da waɗansu abubuwan da iyaye ke so, kamar rigakafin ƙyanda da gidan sauro. Aka shigo da sarakuna. Aka ɗauki matan unguwa su riƙa shiga gidaje. Aka kuma gyara ƙirgar kanta, ta wurin aika masu dubawa na dabam su nemi alamar tawada a yatsun yara maimakon dogara ga takardar wanda ya yi aikin. An ga ƙwayar cutar ta asali a karo na ƙarshe a ƙasarmu a Borno a 2016, kuma ran 25 ga watan Agusta, 2020, aka shelanta cewa Afirka ta rabu da ita. Dalilan nasarar suna da yawa, ba zan ɗora ta a kan abu ɗaya ba, don kada in yi laifin manajan sabulun da na zarga ɗazu.

Batun masu dubawa na dabam shi ne na ƙarshe da nake so in taɓa, domin a nan ne aiki ya fi lalacewa. Sau da yawa kamfanin da aka ba kwangilar talla shi ake ce wa ya kawo rahoton ko ta yi aiki, ko kuwa sashen da ya nemi kuɗin shi zai auna kansa. Ba sai mutum ya yi ƙarya ba. Ya isa ya zaɓi ma'aunin da ya fi yi masa kyau bayan ya ga sakamako. Idan ciniki ya tashi ya kawo ciniki, idan bai tashi ba ya kawo yawan waɗanda suka ji sanarwa. Maganin wannan shi ne a rubuta abin da za a auna, da garuruwan da za a bari domin kwatantawa, da wanda zai auna, tun kafin a saki kobo ɗaya, a kuma ware kuɗin awon a cikin kasafin tun farko. Wanda aka bar wa gari ba talla zai yi ƙorafi, shugaban ƙaramar hukumar da aka tsallake zai zo ofis da kansa, kuma sai an sami babban sakataren da zai iya ce masa ya yi haƙuri har wata shida.

Shugaban zama, na ga an miƙo mini takarda cewa lokaci ya ƙure.